Yadda za ka haɗa rumbun ajiyar bayanai a gida, mara ƙara kuma mara cin wuta

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki da suna ne a Kano. Hotuna da bidiyon da na tara sun kai kamar TB 3, a warwatse cikin ƙananan faifai huɗu, kuma duk shekara ana samun ƙarin kamar TB 1. Na ɗauko tsohuwar kwamfutar tebur na mayar da ita ma'ajiya, don ni da maiɗakina mu riƙa shiga ta waya da laftof. To ga ƙarar fanka kamar injin markaɗe, ga shi kafin asuba ta shanye batirin inbata. Ɗaki da falo gare mu. Yaya zan haɗa wadda ba ta ƙara, ba ta cin wuta, kuma ba sai na sayar da kyamarata ba?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake nema shi ne wanda masu harkar ke kira NAS: ƙaramar kwamfuta da ke zaune a kusurwa dare da rana, an jona ta da rauta, aikinta ta riƙe fayiloli ta miƙa wa duk na'urar da ke cikin gida. Sharuɗɗa uku ka gindaya: kada ta yi ƙara, kada ta ci wuta, kada ta yi tsada. Ni zan ƙara na huɗu da ba ka ambata ba, wato kada hoton bikin mutane ya salwanta, domin ranar da amarya ta dawo neman hotunanta ba za ta saurari bayanin wat da bolt ba.

Na daɗe ina haɗa irin waɗannan na'urori a gidaje da ƙananan ofisoshi, kuma kusan kowa da tambayar firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yake farawa. Alhali ba nan gizo ke saƙar ba. A rumbun gida, faifan ajiya ne ke yanke hukunci kan ƙara da cin wuta da zafi da kuɗi. Idan ka daidaita maganar faifai, sauran duk biye suke.

Fara da lissafin wat

Kafin ka sayi komai, nemi ƙaramar mitar nan da ake soka wa a soket, ka auna abin da tsohuwar kwamfutarka ke ja tana zaune ba ta komai. Yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur da na auna suna jan tsakanin wat 50 zuwa 80. Mu ɗauka taka wat 70 ce.

Wat ɗaya da ke kunne ba dare ba rana yana cin yunit 8.76 a shekara. Wat 70 ke nan yunit 613. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar masu rukunin Band A naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa ɗari biyu da 'yan kai. A wannan farashin, tsohuwar kwamfutarka za ta lashe sama da naira 120,000 a shekara. Na'ura mai jan wat 15 kuwa yunit 131 za ta ci, ƙasa da naira 30,000.

Amma mu nan ba takardar kuɗin wuta ce babbar damuwarmu ba, batir ne. Batir mai 200Ah a bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, kuma idan na ruwa ne ko jel, rabin wannan kawai ya kamata ka taɓa in kana son ya yi ƙarko. Saura 1,200. Kwamfuta mai wat 70 a dare mai awa 12 ta kwashe 840, ban da abin da inbata ke zubarwa wajen juya wuta. Ka ga dalilin da fankar ɗaki ke tsayawa kafin kiran assalatu. Mai wat 15 kuwa 180 za ta ɗauka, ba za ka ma san tana nan ba. Don haka abin da za mu sa a gaba shi ne wat 10 zuwa 20 idan na'urar na zaune, domin a zaune take yawancin rayuwarta. Abin da take ja lokacin da kake kwafar bidiyo na minti ashirin bai kai a tsaya lissafinsa ba.

Faifai

Babban faifai mai juyawa, wato mai inci 3.5, yana jan kamar wat 3 zuwa 5 idan na masu gudu a hankali ne, waɗanda ake kira ajin 5400, wato masu juyi kamar 5400 a minti. Masu juyi 7200 a minti suna kai wat 5 zuwa 8 ko fiye, kuma sun fi ƙara da zafi. Idan faifai ya yi barci, ya daina juyawa, ƙasa da wat 1 yake ja. Abin lura shi ne faifai mai TB 2 da mai TB 8 kusan wuta ɗaya suke ci. Kenan faifai huɗu masu TB 2 sun ninka cin wuta da ƙara da girgiza sau huɗu a kan guda ɗaya mai TB 8, ba tare da sun ba ka ko GB ɗaya na ƙari ba. Mutane kan tattaro tsofaffin faifai su cika akwati don ganin araha, sai batir ya biya bashin.

Kai da ke da TB 3 kana ƙara TB 1 a shekara, faifai mai TB 8 zai kai ka shekara huɗu zuwa biyar. Ka sani idan ka jona shi TB 7.2 da ɗan ɗori za ka gani, ba cuta aka yi maka ba, bambancin ƙidaya ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta.

Kada gudun 7200 ya ruɗe ka. Wayar sadarwa ta gigabit, wadda yawancin rautoci ke da ita, iyakarta kamar MB 110 zuwa 115 a daƙiƙa. Faifai mai gudu a hankali ma ya wuce wannan. Idan kuma ta Wi-Fi kuke shiga, to ko kusa ba za ku ƙure shi ba. Ƙarin gudun ƙara kawai zai ƙara maka.

Akwai tarkon da ya kamata ka sani. Faifai iri biyu ne wajen yadda suke rubutu: CMR da SMR. A SMR ana ɗora layukan rubutu a kan juna kamar kwanon rufi, kowane ya ɗan hau na kusa da shi, don a sami ƙarin wuri. Karatu lafiya lau, amma idan za a sake rubutu a wuri, sai an tayar da maƙwabtansa an sake shimfiɗa su. Kana cikin zuba bidiyon biki mai GB 200 sai ka ga gudu ya faɗi kamar an taka birki. A 2020 aka gano cewa wasu faifan WD Red masu TB 2 zuwa 6 SMR ne ba tare da an bayyana ba, aka yi ta ce-ce-ku-ce, shi ne kamfanin ya ware masu CMR da sunan WD Red Plus. Saboda haka ka nemi WD Red Plus ko Seagate IronWolf. Manyan faifan cibiyoyin bayanai irin Exos da Ultrastar suna da ƙwari, wani lokaci ma sun fi araha a kowane TB, amma ba a yi su don ɗakin kwana ba. Suna ƙwanƙwasa kamar ana sassaƙa a nesa, kuma da dare ya yi tsit za ka ji su sarai.

SSD fa, wato faifan da ba abin da ke juyawa a cikinsa? Ba ƙara, ba girgiza, cin wutarsa a zaune bai taka kara ya karya ba. Da bayananka TB 1 ko 2 ne, da na ce ka sayi SSD kawai mu rufe magana. Amma a TB 8 kuɗinsa ya ninka na mai juyawa sau da yawa. Abin da nake yi shi ne haɗa su: SSD mai TB 1 ya ɗauki babbar manhaja da aikin da ake kai a wannan watan, babban faifai kuma ya riƙe tsofaffin bukukuwa yana barcinsa. Bikin da ka ɗauka shekara biyu da suka wuce ba kullum ake buɗe shi ba. Da wannan tsarin, awa ashirin cikin ashirin da huɗu ba abin da ke juyawa a cikin akwatin sai fanka ɗaya.

In za ka sayi faifai, musamman na hannu, kada ka bar shago sai an jona shi ka duba bayanan lafiyarsa da ake kira SMART. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce. Ka dubi layi na 9, awannin da ya yi a kunne, da layuka na 5 da 197 da 198, waɗanda ke ƙidaya wuraren da suka lalace. Waɗannan ukun sifili ake so. Ko hakan ma ba ya isa kullum, domin ana iya goge ƙidayar. A farkon 2025 an bankaɗo faifan Exos da suka yi dubban awanni suna aiki ana sayar da su a matsayin sababbi a ƙasashe da dama, aka gane su ta wani kundi na biyu mai suna FARM da faifan Seagate ke ajiyewa. Ni kaina na taɓa sayen faifai a leda, an ce sabo dal, cikin wata uku ya fara tari. Tun daga ranar, duk faifan da ya shigo hannuna sai na cika shi da bayanai na karanta su gaba ɗaya, aikin kwana ɗaya ko biyu, kafin in ba shi amanar komai.

Kwamfutar da za ta riƙe su

Miƙa fayil aiki ne mai sauƙi, ba ya buƙatar firosesa mai ƙarfi. Hanyoyi huɗu ne a gabanka.

Ta farko, wadda na fi ba mutanenmu shawara, ita ce kwamfutar ofis ta tokumbo. A kasuwar titin Beirut nan Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, za ka samu HP EliteDesk da Dell OptiPlex da Lenovo ThinkCentre jibge. Ka nemi mai firosesan Intel zubi na 7 ko na 8, irin i3-8100 ko i5-8500. Waɗannan an ƙera su ne don su yini a ofis ba hayaniya, kuma na sha auna su a wajen wat 10 zuwa 15 kafin a sa babban faifai. Sai dai ka lura da girma. 'Yan mitsi-mitsin nan masu kama da littafi, Tiny ko Micro ko Mini, ba su da gurbin babban faifai. Matsakaiciyar, wadda ake kira SFF, ita kake so. EliteDesk 800 G4 SFF, alal misali, tana ɗaukar manyan faifai biyu a ciki, ga kuma gurbin ƙaramin SSD na M.2. A buɗe maka murfi ka gani da idonka kafin ka biya.

Ta biyu ita ce ka haɗa sabuwa a kan firosesan Intel N100, wanda ya fito a 2023. An tsara shi a kan wat 6, kuma akwai allunan kwamfuta (motherboard) irin ASRock N100DC-ITX da ba su da fanka ko kaɗan, ƙarfen sanyaya kawai, kuma da cajar laftof mai bolt 19 ake ba su wuta. Gurbin SATA, wato inda ake jona faifai, biyu gare shi, daidai buƙatarka. Wannan ta fi tokumbo shiru da ƙarancin cin wuta, amma kusan dole a yo odarta daga waje, kuma sai ka nemo akwati daban, irin Fractal Design Node 304 ko Jonsbo N2. Kuɗin jigilar akwati kaɗai yakan sa mutum ya sake tunani.

Ta uku Raspberry Pi 5. Yana da ban sha'awa, cin wutarsa 'yan wat ne, amma kafin ka saya masa caja mai wat 27, da allon ƙarin SATA, da wata cajar bolt 12 don faifai, da abin da za ka zuba su ciki, ka kashe kuɗin tokumbo ka kuma samu tarin wayoyi kamar taliya. Na masu son gwaje-gwaje ne, ba na mai sana'a da ke son abu ya zauna lafiya ba.

Ta huɗu ka sayi haɗaɗɗiya, irin Synology mai gurbi biyu. Ba wahala, manhajarta mai daɗin aiki, cin wuta kamar wat 15 tana aiki, kamar 5 idan faifai sun kwanta. Tsada ce matsalarta, sannan idan allonta ya ƙone a nan, gyara sai addu'a. Tokumbo kuwa ko gobe ka samu irinta a kasuwa ka mayar da faifanka.

Wani zai ce maka tsohon laftof ma ya yi, tunda ga batir a jikinsa. Gaskiya ne, na taɓa yi. Amma faifan sai ta USB za a jona, kuma USB yakan saki faifai haka kawai a tsakiyar aiki. Batirin laftof da ke kan caji kullum cikin zafinmu kuma kumbura yake yi. A matsayin mafari ba laifi.

Idan wata rana ka buƙaci ƙarin gurbin SATA, kada ka sayi manyan katunan LSI na kwamfutocin cibiyoyin bayanai da ake sayarwa da araha. Su kaɗai suna jan kamar wat 10, suna zafi, kuma suna hana firosesa shiga barci mai nauyi. Ƙaramin kati mai guntun ASM1166 ya fi dacewa da irin wannan aikin.

Inda wuta ke zubewa ba a sani ba

Na'urar da ke rarraba wuta a cikin akwati ita ce ɓarawon da ba a zargi. Tambarin 80 Plus da ake liƙa mata ana auna shi ne a kashi 20 da 50 da 100 na ƙarfinta. Ajin Titanium yana ƙarawa da kashi 10. Ka ɗauki mai wat 650 ka ɗora mata nauyin wat 15, kashi biyu da ɗan kai ke nan, wurin da ba wanda ya yi maka alkawarin komai. A nan takan zubar da kaso mai tsoka a matsayin zafi. Shi ya sa ƙaramar caja irin ta laftof, ko ɗan allon nan PicoPSU da caja mai bolt 12, suka fi dacewa. Kwamfutocin ofis ma da ƙananan masu rarraba wuta suke zuwa, wanda yana cikin sirrin ƙarancin cin wutarsu.

Sai dai kada ka matse da yawa. A daƙiƙun farko da faifai zai fara juyawa yakan ja kusan amfiya 2 a layin bolt 12, kamar wat 25. Faifai biyu wat 50 ke nan a lokaci guda, ga allo. Cajar da ba ta kai ba za ta sa ka ji faifai na ƙas-ƙas yana ƙoƙarin tashi yana komawa. Don faifai biyu, caja mai wat 90 ta ba ka sarari.

Tunda kana da inbata, ga abu biyu. Na ɗaya, inbata kanta tana cin wuta ko ba a jona mata komai ba, manya sukan ci wat 20 zuwa 50. Idan dama a kunne take kwana saboda fanka da firji, ba asara. Idan don rumbun kaɗai za ta kwana, to ta fi shi ci. Na biyu, wasu kan ce a jona na'urar kai tsaye da batir tunda duk bolt 12 ne. Kada ka kuskura. Batir yana hawa har 14.4 lokacin caji, ya sauka ƙasa da 11 idan ya yi sanyi, faifai kuma ba ya jure wannan hawa da sauka. Sai an sa mai daidaita bolt a tsakani.

Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana cikin abubuwan da ke kashe rumbu a ƙasar nan. Ka gwada inbatarka: kwamfuta na kunne, ka kashe wutar NEPA, ka ga ko za ta ƙyafta. Yawancin inbatoci suna da maɓallin da ake sa su a yanayin UPS don su sauya da sauri. Idan duk da haka tana mutuwa, ka sa ƙaramin UPS mai wayar USB, wanda zai gaya wa rumbun cewa batir ya kusa ƙarewa, ya kashe kansa cikin mutunci. Manhajar NUT ke wannan aikin. A cikin BIOS kuma, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka kunna zaɓin da ke sa kwamfuta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. Da damina, idan hadari ya haɗo da tsawa, cire filogi da wayar rauta ya fi duk wata na'urar kariya da za ka saya.

Shiru da zafi ba sa ga-maciji

A nan ne shawarar da za ka gani daga Turai ke ɓatar da mu. Mutumin da ɗakinsa ke digiri 20 zai iya cire fanka gaba ɗaya. Kai a Kano, a watan Afrilu, waje ya haura 40, ɗaki ma bai yi nisa da haka ba. Masu ƙera faifai sukan rubuta iyakar digiri 60 ko 65, amma wannan bakin rami ne. Ni ƙasa da 45 nake nema, idan na ga 50 hankalina ba ya kwanciya. Firosesa zai iya zama ba fanka, faifai mai juyawa kuwa dole iska ta ratsa shi.

Dabarar ita ce babbar fanka mai tafiya a hankali. Guda ɗaya mai milimita 120, irin Arctic P12 ko Noctua, tana juyi 700 zuwa 800 a minti, tana tura iskar da ta isa faifai biyu, kuma daga taku biyu ba za ka ji ta ba. Ƙananan fankoki masu milimita 40 ko 60 su ne masu kukan sauro, don sai sun yi gudu sosai kafin su tura abin kirki. A BIOS za ka iya ɗaure gudun fanka da zafi, ta lafa da sanyin hunturu ta ɗan ƙara da bazara.

Rabin ƙarar da mutane ke kuka da ita ma ba ta iska ba ce, girgiza ce. Faifai na juyawa, girgizar ta bi ƙarfen akwati, ta sauka kan teburin katako, tebur ya zama ganga. Ka ɗaure faifan da kusoshi masu zoben roba, ka ɗora akwatin a kan abu mai nauyi ko a ƙasa kan dandamali, ka sa roba a ƙarƙashi. Na sha yanka tsohon silifas gida huɗu in sa a ƙafafun akwati, kuma ya yi aikin da robar kamfani za ta yi. Sannan ka ajiye shi a falo kusa da rauta, ba a ɗakin kwana ba. Bango ɗaya ya fi fanka mai tsada rage ƙara. Kada dai ka kulle shi a cikin kabad ko wadirof don neman shiru, gasa shi za ka yi.

Ƙurar hunturu kuma sai an yi mata shiri. Fankar ta riƙa turo iska ciki ta bayan raga mai tace ƙura, don iskar da ke fita ta sauran ƙofofi ta hana ƙura shiga ta nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka wanke ragar duk sati biyu, ka kuma busa cikin akwatin da bulowa duk wata, bayan ka kashe shi. Ka riƙe fiffiken fanka da yatsa yayin busawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Manhaja da barcin faifai

OpenMediaVault nake sa wa yawancin mutane. Kyauta ce, a kan Debian aka gina ta, ta burauza ake sarrafa ta, kuma RAM mai GB 4 zuwa 8 ya ishe ta. Ka kunna SMB, tsarin raba fayiloli tsakanin na'urori, sai rumbun ya bayyana a laftof kamar folda, a waya kuma ta kowace manhajar fayil. Idan maiɗakinka na son hotunan wayarta su riƙa zuba da kansu, Syncthing ko Immich za su yi. TrueNAS, wata manhajar rumbu irin OpenMediaVault, ita ma tana da kyau ƙwarai. Tsarin ZFS da take amfani da shi yana gano fayil ɗin da ya ruɓe a ɓoye, ya gyara shi idan akwai kwafi na biyu. Amma tana neman aƙalla GB 8, kuma sa faifanta su yi barci sai an yi da gaske. Unraid ta kuɗi ce.

Ka sa faifai ya kwanta bayan minti 30 zuwa awa ɗaya ba a taɓa shi ba. Akwai masu cewa tashi da kwanciya na gajiyar da faifai, gara ya yi ta juyi. Suna da hujja idan an sa shi ya kwanta duk minti biyar, ya tashi sau ɗari a rana. Amma sau uku ko huɗu a rana ba ya cikin abin tsoro, kuma a zafinmu faifan da ya huta ya fi wanda ke gasuwa dare da rana. Abin da za ka biya shi ne jiran daƙiƙa goma idan ka buɗe tsohuwar folda. Idan ka ga ya ƙi barci, wata manhaja ce ke taɓa shi. Ka mayar da ma'ajiyarta kan SSD. A BIOS ka kunna C-states da ASPM, saitunan rage cin wuta idan na'ura na zaune, ka kuma gwada manhajar powertop a kan rumbun. Sau da yawa nan ma ana tsintar wat 3 zuwa 5. Idan kuma ba mai buƙatar rumbun daga sha biyun dare zuwa asuba, ana iya sa shi ya kashe kansa ya tashi a kan lokaci.

Faifai na biyu: ciki ko waje?

Za a ce maka ka sa faifai biyu su zama madubin juna, wato RAID 1, idan ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Haka ne. Amma abin da ka goge bisa kuskure nan take zai goge a duka biyun. Tsawa ko wuta mai ƙarfi tare za ta ƙone su. Ɓarawo akwatin zai ɗauka gaba ɗaya. Ga shi kuma tare suke tashi, tare suke juyi, wuta da ƙara ninki biyu.

Idan kuɗin faifai biyu kawai gare ka, ni dai ɗaya zan sa a ciki, ɗayan in sa shi a gidan USB. Duk ranar Juma'a, ko bayan kowane biki, ka jona shi, rumbun ya kwafa masa sabon abin da ya shigo, ka cire ka kai shi shago ko gidan iyaye. Hoton bikin da ba ka riga ka miƙa ba kuwa, kada ka goge katin kyamara sai ya zauna a wuri biyu. Ranar da hali ya samu, ka ƙara na uku a ciki ya zama madubi. Lokaci-lokaci ka buɗe faifan wajen ka duba cewa hotunan na buɗuwa da gaske. Ƙananan faifanka huɗu na yanzu ma kada ka goge su, ka ɗaure su a leda ka adana, kwafi ne da ka samu a kyauta.

Idan kana son shiga rumbun daga wajen gida, kada ka buɗe masa ƙofa a rauta, wato hanyar da za a iso shi kai tsaye daga intanet. A watan Yunin 2021 an goge bayanan masu rumbun WD My Book Live da yawa ta intanet, a Janairun 2022 kuma manhajar garkuwa da bayanai mai suna DeadBolt ta kulle rumbunan kamfanin QNAP da ke buɗe ga duniya. Ka sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya, a rumbun da wayarka. Yana aiki ko da intanet ɗin layin waya kake amfani da shi, inda dama buɗe ƙofar ba ya yiwuwa. Ka tuna dai jawo bidiyo daga waje data yake ci ta ɓangare biyu, na gida da na wayarka.

Ban kawo farashi ba saboda kasuwar na bin dala, abin da na faɗa yau gobe ya tsufa. Alƙaluman wat da na ba ka kuma na irin na'urorin da suka ratsa hannuna ne. Kwamfutoci biyu masu suna ɗaya sukan bambanta da wat 4 ko 5 saboda BIOS ko caja, shi ya sa mitar soket ita ce alƙali. Kuma idan nufinka ka riƙa tace bidiyon 4K kai tsaye daga rumbun, wannan wani gini ne daban, mai buƙatar waya mai gudun 2.5 ko 10 gigabit da SSD masu yawa, kuma ba zai tsaya a wat 15 ba.

Da ni ne a matsayinka, EliteDesk ko OptiPlex SFF ta tokumbo mai i3 zubi na 8 zan ɗauko, da RAM GB 8, da SSD mai TB 1, da WD Red Plus ko IronWolf mai TB 8 a ciki, da wani mai TB 8 a gidan USB. In sa OpenMediaVault, in ajiye ta a falo kan robar silifas, in jona ta da rauta ta waya ba ta Wi-Fi ba. Abin da nake sa ran mita za ta nuna shi ne wajen wat 12 zuwa 15 faifai na barci, kusan 20 yana juyi. In ka haɗa, ka aiko min da abin da mitarka ta nuna da zafin faifan da ƙarfe uku na rana; daga nan za mu san ko fankar da ta zo da ita ta wadatar ko sai an ƙara wata.